Yadda ake kwantar da mai taɓin hankali idan ya harzuƙa

A garuruwanmu, da zarar mai taɓin hankali ya fara ihu ko jifa, abin da muka saba shi ne a tara ƙarti a danne shi, a kawo igiya ko mari. A gidan likita ba haka ake farawa ba. Ma'aikatan jinya da baki suke farawa, domin sau da yawa tsoro ne ke sa maras lafiya faɗa. Yana jin muryoyin da mu ba mu ji, ko yana zaton kashe shi za a yi. To, taron jama'a ƙara masa tsoron yake.

Me ke tayar da shi?

Ba kowane tashin hankali ba ne ciwon hauka. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, faɗuwar sukari cikin jini, bugu a kai, da ruɗewar da ke biyo bayan farfaɗiya duk suna iya sa mutum faɗa. Haka ma ƙwayoyi irin su tramol da wiwi, ko barin giya farat ɗaya. Shi ya sa ake fara duba zafin jiki da sukari. In har mutum lafiyarsa lau jiya, yau ga zazzaɓi ga sambatu, a garzaya da shi CSI mafi kusa, kada a kwana.

Matakan da ake bi

Ana sallamar ƴan kallo, a ɗauke wuƙa, taɓarya da duk abin da zai iya jin ciwo. Mutum guda ne ke magana, wanda maras lafiyar ya yarda da shi. Yana tsayawa taku biyu ko uku daga gare shi, ta gefe, hannuwa a fili, ba a tare ƙofa. Yana kiran sunansa da girmamawa, murya ƙasa-ƙasa, magana gajera: "Baba, na ga ranka ya ɓaci. Me kake so?" Sai ya yi shiru ya saurara.

Ba a gardama da shi kan abin da yake gani, ba a yi masa dariya, ba a yi masa ƙarya. Ana ba shi zaɓi: ruwa ko fura, zama a ɗaki ko a inuwa. Wanda aka bai wa zaɓi yakan ji bai rasa mutuncinsa ba.

In magana ba ta isa ba

Likita na iya ba da magani irin su diazepam ko haloperidol, a fara da na sha kafin allura. Kada a saye su a hannun ƴan talla, domin suna iya danne numfashi ko sandarar da jiki. Riƙewa ita ce dabara ta ƙarshe, ta ɗan lokaci, kuma ba a kwantar da mutum ruf da ciki ko a hau masa ƙirji da wuya. Hakan na kisa.

A 2020, ƙungiyar Human Rights Watch ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Sarƙa ba ta warkarwa, sai gyambo. A Yamai, babban asibitin ƙasa na da sashen masu wannan ciwo, wanda aka fi sani da Pavillon E.

Ƴan uwa da ke ci-rani, in kun aiko kuɗi, ku ce na mota ne da magani. Kuma a kula ya ci gaba da shan maganinsa, don barinsa ne yakan dawo da rikicin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.