Kwalejin Katsina: Tarihin Makarantar Keɓaɓɓu a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci makarantun wariya, hankalinmu yakan tafi Amurka, inda a 1870 aka buɗe wa baƙar fata sakandare tasu su kaɗai a birnin Washinton, wadda daga baya aka raɗa wa suna Dunbar. Ta yaye mashahuran mutane, kamar likita Charles Drew da Robert Weaver, baƙar fata na farko da ya zama minista a ƙasar a 1966. Duk da haka, a 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mu ma an yi mana makarantar keɓaɓɓu, wadda aka gina katangarta da addini da yanki da haihuwa.

2.0 Asalin Katangar

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba. Da wannan hujja aka taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, gwamnati ta riƙe ilmin boko a hannunta. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya kuwa kasa ta kashi-kashi: sashen 'ya'yan sarakuna daban, na malamai daban, na koyon sana'a daban. Ke nan tun ran gini aka yi zane.

3.0 Kwalejin Kanta

An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922. An kafa ta ne don horar da samari Musulmi 'yan Arewa su zama malaman makaranta. Babu ɗan Kudu, babu Kirista, babu mace. Turawa sun ga yadda 'yan bokon Ikko suka addabe su a jaridu, ba su son a maimaita haka a Arewa, don haka suka so a sami ɗan boko mai ladabi ga sarauta.

Ba a musun ingancin karatunta, musamman Ingilishi. A cikin ɗakunanta na ƙasa aka yaye Ahmadu Bello a 1931 da Abubakar Tafawa Balewa a 1933, haka kuma Kashim Ibrahim da Abubakar Imam da Isa Kaita. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya. Daga baya katangar addini ta rushe, har Yakubu Gowon, Kirista, ya yi karatu a cikinta. A 1971 ta zama Kwalejin Barewa.

4.0 Waɗanda Aka Bari a Waje

Mu ɗauki Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, a ƙasar noman da ta kewaye Kano, inda gona ke manne da gona saboda yawan jama'a. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar irin waɗannan ƙauyuka da harajin manomansu su suka cika baitulmalin En'e, daga nan kuma ake ɗaukar nauyin makarantun lardi. Amma kafin ɗan manomi ya kai Katsina, sai hakimi ya sa sunansa a elemantare, sai ya sami gurbi a Midil ta Kano, sa'an nan a zaɓe shi cikin 'yan ƙalilan da za su wakilci lardin duka.

Gaskiya ne katangar haihuwa tana da ɓaraka. Iyaye da yawa sun ƙyamaci boko, wasu masu sarauta ma sukan tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Mahaifin Tafawa Balewa kansa ba basarake ba ne. Sai dai ɓaraka ba ƙofa ba ce, kuma ƙyamar iyaye ta zame wa gwamnati uzuri na ƙin faɗaɗa makarantu. Sai a 1976, da shirin ilmin firamare ga kowa, aka yi yunƙurin kai aji kowane ƙauye.

5.0 Kammalawa

Tsofaffin ɗaliban Dunbar da na Katsina suna da hujjar alfahari. Amma masanin tarihi bai kamata ya tsaya ga ƙirga waɗanda suka fito ba, dole ya tambayi waɗanda ba a bari suka shiga ba. Kwalejin ta ba Arewa firimiya, ta ba Nijeriya firayim minista, amma lokacin da mulkin kai ya zo a 1960, Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta. Wannan giɓi shi ne tsadar keɓewa. Mu da ke horar da malamai, wajibinmu ne mu auna kowace makarantar musamman da tambaya guda: shin yaron Zakirai, mace ko namiji, yana da hanyar shiga?