Katunga, Tsohon Birnin Oyo Da Ke Kwance A Daji

Duk shekara idan Sallah ta zo, samarinmu na Sabo sukan haɗa kuɗi su ɗauki hayar bas, kuma kowa ya san inda za a dosa tun ba a tayar da mota ba. In ba gidan namun daji na Jami'ar Badun ba, to lambun Agodi, in aljihu ya yi nauyi a miƙa Dutsen Olumo a Abekuta ko bakin teku a Legas. A je a sha turereniya, a ɗauki hoto, a dawo. Amma a can arewacin jihar nan tamu ta Oyo, dab da iyakar Kwara, akwai wani kango a tsakiyar daji wanda ya fi duk waɗannan alaƙa da mu, ga shi kuwa da wuya ka sami mutum goma a unguwar nan da suka taɓa taka shi. Yarabawa na kiransa Oyo-Ile. Kakanninmu fatake kuwa Katunga suke ce masa, kuma kunnen Bahaushe ba ya rasa jin "katanga" a cikin sunan.

Nan ne fadar Alafin take kafin a koma Oyo ta yanzu. Birni ne na gaske, ba wasa ba. Baturen nan Kyaftin Kilafaton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya taso daga Badagiri ya isa Katunga a watan Janairu na 1826, ya yi makonni a ciki. Ya ƙiyasta zagayen ganuwar da kimanin mil 15, ya ƙirga ƙofofi 10 da kasuwanni 7. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tafintansa Bahaushe ne, Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Fasko. An kama shi bawa, aka sayar da shi har bakin teku, jirgin Ingila ya kuɓutar da shi, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya dawo ƙasar baƙar fata yana yi wa Bature jagora. Dalilin ɗaukarsa a fili yake: da Hausa ake cin kasuwa a wannan hanya tun daga kusa da teku har Kwara.

To me ya kai Hausa can? Doki. Ƙarfin Oyo gaba ɗaya a kan dawakai ya tsaya. Da su ta mallaki maƙwabtanta, da su ta tilasta wa Dahomi biyan haraji kusan shekara ɗari, har sai da Sarki Gezo ya ƙi biya a wajen 1823. Amma doki ba ya daɗewa a kudu saboda ƙudan tsando, don haka kullum sai an sayo sabo daga arewa, ta ƙasar Nufe da Bargu. Inda doki ya je kuwa sai mai kula da shi ya bi: mai yankan ciyawa, mai magani, mai ɗinkin sirdi da linzami. Tare da dawakin ake sauke kanwa da fatu da tufafi, a ɗauki wuri da kayan Turawa da suka hauro daga teku. Har gobe idan Alafin zai fito sai an busa kakaki, kuma sunan bai canza ba a bakin Bayarabe. Ita kanta kalmar "Yoruba" da yau miliyoyin mutane ke amsawa, a da mutanen Oyo kaɗai 'yan arewa ke nufi da ita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci ƙasar Yarba a Infakul Maisuri tun 1812, tun kafin mutumin Ijebu ko na Ekiti ya yarda a kira shi da wannan suna.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Ba duk Bahaushen da ke Katunga ne ya zo da ƙafarsa ba. Da yawansu bayi ne da yaƙe-yaƙen arewa suka zubo kasuwa, musamman bayan 1804. Samuel Johnson, Bayaraben da ya rubuta tarihin mutanensa, ya ce su ne wanzamai da masu tufkar igiya da makiyayan shanu a gidajen manyan Oyo. A cikinsu akwai wani Babarbare, Ali Aisami, ɗan malami, wanda aka yi ta sayarwa daga hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa da Bargu har ya faɗo Katunga, ya yi shekaru a gidan ubangijinsa. A 1817 Afonja, Are Ona Kakanfo, wato babban sarkin yaƙin Oyo da ke zaune a Ilori, ya yi wa Alafin tawaye. Ya jawo Shehu Alimi a jiki, aka yi shela cewa duk bawan da ya gudo Ilori ya zama ɗa. Bayi suka yi ta sulalewa. Ubangijin Ali ya ji tsoron kada shi ma ya bi, sai ya yi maza ya sayar da shi ga masu jirgi. Allah ya sa jirgin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Saliyo a 1818, inda daga baya wani Bajamushe mai suna Koelle ya koyi Barbarci a bakinsa ya rubuta littafi. Da ba don haka ba, da ko sunansa ba mu ji ba, kamar dubban 'yan uwansa.

Wannan tawaye shi ya karya ƙashin bayan Oyo. Waɗanda suka san sirrin doki sun koma ɓangaren abokan gaba, hanyar sayen dokin ma ta toshe. Shi kansa Afonja bai ci ribar abin ba, don jama'ar da ya tara ta fi ƙarfinsa, aka kashe shi a wajen 1823, Abdussalami ɗan Alimi ya zama sarkin Ilori na farko. A wajen 1835 Alafin Oluewu ya nemi taimakon Bargawa don yaƙin ƙarshe, aka ci su, shi ma ya rasa ransa. Mutanen Katunga suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka yi kudu. Atiba ya kafa sabuwar fada a Ago-Oja, wato Oyo ɗin da muke ratsawa yau a mota. Badun ɗin nan da muke ciki ma 'yar wannan hargitsi ce, sansanin mayaƙa ce da ta kafu a wajen 1829. Unguwarmu ta Sabo kuwa sai 1916 aka yanka ta, shekara 80 ke nan bayan Katunga ta zama kufai.

Ina ganin wannan lissafi ya kamata kowane yaro a unguwar nan ya riƙe shi. Duk sanda rigima ta tashi, irin wadda aka yi a kasuwar Sasa a 2021, abin da ake fara jefa mana shi ne mu baƙi ne, jiya muka zo. Wasu yaranmu ma sun yarda da haka, suna zaton da jirgin ƙasa Bahaushe ya fara ganin ƙasar Yarabawa. Tarihin Katunga ya ƙaryata wannan. Amma kuma ya nuna cewa idan dattijon Oyo ya ambaci Ilori da ɗaci a bakinsa, ba daga sama ya tsinto shi ba: garin kakanninsa ne ya watse. Wanda ya san duka biyun ya fi iya zama da maƙwabci.

Yanzu kufan yana cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na Tsohuwar Oyo, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512. Wanda ya je da zaton zai ga gini irin Gidan Makama, zai dawo da haushi. Abin da ke nan shi ne tudun ganuwa da gwalalonta suna ratsa daji layi bayan layi, da tsingaro birjik a ƙasa, da ramukan niƙa da mata suka bari a jikin fa, da kukoki manya-manya. Mutumin arewa ya san ma'anar kuka a tsakiyar daji: an taɓa zama a nan. Akwai kogon Agbaku, inda ake cewa mutane sukan ɓuya lokacin yaƙi, da ƙarƙashin dutsen Mejiro, inda masu tonon tarihi suka sami kayan aikin dutse na mutanen da suka riga Oyo kanta. A arewa da birnin akwai Koso, garin da ake dangantawa da Sango, inda wasu bangayen ƙasa ke tsaye har yanzu, da Bara, maƙabartar sarakuna. Idan ka hau ɗaya daga cikin duwatsun da hantsi, ka hangi ƙasar a shimfiɗe da kaɗanya da ɗorawa, wallahi sai ka rantse kana kudancin Zazzau.

Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Igboho, ta yamma da gandun. Can Alafinai suka yi zaman gudun hijira bayan Nufawa sun ci birninsu a ƙarni na 16, kuma kaburburan huɗu daga cikinsu suna nan ana kula da su.

Hanya daga Badun ita ce Oyo, Ogbomosho, sannan Igbeti, garin duwatsu, daga nan a shiga daji. Da rani ake zuwa, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe. Da damina ko babbar mota sai ta kafe. Kuma don Allah kada wasu samari su ɗauki babura su faɗa dajin nan da kansu. Yanayin tsaro a dazuzzukan wannan yanki ba kamar da ba ne, kuma mun san yadda ake kallon baƙuwar fuska irin tamu a ƙauyukan Oke-Ogun a 'yan shekarun nan. A fara zuwa hedikwatar gandun a garin Oyo, a nemi izini, a ji ko hanya a buɗe take, a karɓi ma'aikacin da zai yi rakiya. In da hali a tafi da takarda daga fadar Sarkin Hausawa, da mutum ɗaya mai jin Yarabanci sosai, da ruwan sha mai yawa, don babu shago ko ɗaya bayan an bar Igbeti a baya.