Daga Sifawa Zuwa Shagari: Hanyar da Aka Tsara Daula a Kanta

Duk shekara dubban mutanen Sakkwato na bin hanyar Bodinga zuwa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Wasu Makka suka nufa, wasu Masar ko Turkiyya, su dawo da labarin masallatan Istanbul da tsofaffin unguwannin Alƙahira. Ganin duniya ilimi ne, babu mai musun haka. Abin da ke ci mini rai shi ne, gaba kaɗan da filin jirgin, a kan wannan hanyar dai, akwai garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wajen shekara biyar, kuma da yawanmu ba mu taɓa tsayawa a cikinsa ba.

Garin shi ne Sifawa, a ƙaramar hukumar Bodinga. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ƙurar yaƙi ta ɗan lafa. Muhammadu Bello ya shiga ginin Sakkwato a 1809, shi kuwa Shehu ya bar Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810. A nan ya koma ga abin da ya fi so tun yana Degel, wato karantarwa da rubutu. Malamai da almajirai suka riƙa kwararowa daga ƙasashen Hausa da wajenta. Tambayoyin da ake kawo masa ma sun sake kama, domin mutanen da a da ake kora yanzu su ne ke riƙe da mulki, kuma saɓani ya fara ɓulla tsakanin malaman kansu a kan abin da ya halatta ga mai iko. Littattafansa na wannan lokaci, irin su Najmul Ikhwan, sun karkata ga sassauci da hana 'yan'uwa zargin juna. A Sifawa ne kuma, a 1812, ya raba ɗawainiyar ƙasa gida biyu: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. Gwandu da Sakkwato da muka sani a matsayin kujeru biyu na daular, tushensu wannan rabon ne. Sai a 1815 ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817.

Malam Abdullahi, wanda duniya ta fi sani da Abdullahin Gwandu, a Bodinga ya kafa gidansa a waɗannan shekarun, kusa da yayansa. Mutum ne da son duniya ke tayar wa hankali. Tun ana tsakiyar jihadi ya ga wasu sun fara karkata ga ganima da sarauta, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Bai wuce Kano ba. Jama'ar can suka roƙe shi ya koya musu yadda ake shari'a da mulki, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya juyo gida. A zamanin zamansa na Bodinga ya kammala Tazyinul Waraƙat a 1813, littafin da masana tarihin jihadi ba sa iya yi sai da shi. Daga Bodinga kuma ya taso da ya ji rasuwar Shehu, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an rufe masa ƙofar gari. Ya wuce Gwandu da ciwon abin a zuciya. Sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka sasanta, baffa ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a. A ganina, wannan sulhu ya cancanci a koyar da shi kamar yadda ake koyar da nasarar Tafkin Kwatto.

Baƙi ma sun san darajar hanyar. A watan Mayun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarimu, ya ratsa ta nan daga Sakkwato zuwa Gwandu a kan hanyarsa ta Tumbuktu. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Abdullahi, bai yarda sun gana ba, amma a garin ya sami kwafin Tarikhus Sudan, ya zauna yana kwafar abin da ya iya, ta haka Turai ta fara sanin tarihin Songhai sosai.

In aka nausa kudu daga Bodinga, aka bar mararrabar Yabo, garin Muhammadu Moyijo da ya mara wa Shehu baya, sai Shagari. Nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925, a gidan Magajin gari. Ya yi elemantare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan kwaleji a Kaduna. Kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma shi ya wallafa Waƙar Nijeriya, wadda ta zagaya da yara garuruwa da kogunan ƙasarsu suna zaune a aji. Ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1979, soja suka kifar da shi a ƙarshen 1983, bayan tsarewa aka mayar da shi garinsu. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamban 2018, aka kawo shi Shagari aka binne.

Mai son kallon ruwa da tsuntsaye sai ya leƙa madatsar ruwan Shagari, inda masunta da manoman rani ke neman abinci. Sai dai ruwan nan ya ci rayuka. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu yara. Kafin a yi zancen kawo masu yawon buɗe ido, mutanen gaɓar na buƙatar jiragen ruwa masu lafiya da rigunan kariya, kuma wannan aikin hukuma ne.

Sauran kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Makarantun Sakkwato da ke kai ɗalibai Hubbaren Shehu za su iya ƙara Sifawa da Bodinga da Shagari a tafiyar yini guda, su nemi dattawan garuruwan su nuna musu inda aka zauna da inda aka yi karatu, a rubuta abin da suka faɗa tun suna da rai.