Daga ɗaurin dare zuwa tambayar dalili

A 1829, a asibitin masu taɓin hankali na garin Lincoln da ke Ingila, aka wayi gari da gawar wani majinyaci mai suna William Scrivinger. Da daddare an sanya masa rigar nan mai dogayen hannuwa da ake naɗe mutum da ita, aka ɗaure shi a jikin gado, kowa ya kama gabansa. Kafin asuba rigar ta shaƙe shi.

Hukumar asibitin ta kafa doka: duk wanda za a ɗaure da dare, dole ma'aikaci ya kwana a gefensa. Nan da nan ɗaurin dare ya ragu ƙwarai. Ashe galibin ɗaurin don mai gadi ya samu barci ake yin sa.

Wani matashin likita, Robert Gardiner Hill, ya kama aiki a wurin a 1835, ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Zuwa 1838 babu sauran mari ko igiya a jikin kowa a asibitin. Hujjarsa ita ce in gini ya dace kuma ma'aikata sun wadata, ɗauri ba shi da gurbi. Ma'aikatan ba su ji daɗi ba, don nauyin a wuyansu ya sauka, rigima kuma ta sa ya bar aikin a 1840. Amma kafin nan wani likita, John Conolly, ya zo ya gani da idonsa, ya tafi Hanwell kusa da Landan a 1839, inda majinyata suka haura 800, cikin 'yan watanni ya kawar da kujerun ɗauri da ɗamarun fata gaba ɗaya. Ya ƙara ma'aikata, ya sa aka yi ɗakunan keɓewa masu taushin bango. Masu suka suka ce hannun ƙarti ne kawai ya maye gurbin ƙarfe. Suna da 'yar gaskiyarsu, domin riƙe mutum da ƙarfin tsiya shi ne matsalar da aka gada har yau.

An daɗe kafin a koma kan tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa mutum yake yin abin da ke sa a ɗaure shi? A 1985 Edward Carr da Mark Durand a Amurka suka zuba ido kan yara masu naƙasar koyo da ke dukan mutane ko ji wa kansu rauni a aji. Suka lura wani yaron yana birkicewa ne in aiki ya yi masa wuya, wani kuma in malami ya juya masa baya. Sai aka koya wa na farko ya ce bai gane ba, na biyun kuma ya tambaya ko aikinsa ya yi kyau. Duka da kururuwa suka lafa, tunda yaro ya samu hanya mafi sauƙi ta biyan buƙatarsa. Daga irin wannan bincike tsarin tallafa wa kyakkyawar ɗabi'a ya samo asali: a gano abin da ke tunzura mutum, a gyara yanayin, a koya masa madadi, riƙewa kuwa sai in rai na cikin haɗari. A 1997 dokar ilimin naƙasassu ta Amurka ta ambaci tsarin.

Doka daban, aiki daban. A 1998 jaridar Hartford Courant ta ƙirga mutum 142 da suka mutu cikin shekara goma sanadiyyar ɗauri ko kullewa a cibiyoyin kulawa na Amurka, da yara a cikinsu. Mai karatu a Arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba, in ya tuna samamen Rigasa a Kaduna a 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300, wasu da mari a ƙafa.

A Ingila ma, Olaseni Lewis, ɗan shekara 23, ya rasu a 2010 bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem. Iyayensa sun yi shekaru suna fafutuka kafin majalisa ta zartar da dokar da ake kira da sunansa a 2018. Ta wajabta wa asibitocin masu taɓin hankali rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi a kan majinyaci, 'yan sandan da aka kira ciki kuma su maƙala kyamara a jikinsu.