Dokin Ƙarfe a Potiskum: Daga Rali Zuwa Dokar Hana Babur

Ranar wata Lahadi a cikin watan Maris na kowace shekara, ana rufe manyan titunan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu saboda masu keke. Tun da asuba suke taruwa, a wasu shekarun har kusan mutum dubu 35, kowa da lamba a bayan riga da 'yar na'urar da ke ƙirga masa lokaci. Ana sallamarsu rukuni-rukuni, ƙwararru a gaba, sauran jama'a a baya: malaman makaranta, likitoci, 'yan fansho, har da baƙin da suka kwance kekunansu suka sa a akwati suka hau jirgi don wannan rana kaɗai. Tafiyar kilomita 109 ce a gefen teku da gindin duwatsu. Akwai hawan Chapman's Peak, sannan gab da ƙarshe ga na Suikerbossie, inda ƙafa ke ƙagewa har wasu su sauka su tura. Ga kuma iska, wadda a 2017 ta yi ta kayar da mutane tun a wurin tashi har aka soke tseren. Da aka fara shi a 1978, mutum 525 ne suka shiga, kuma manufarsu ita ce a ware wa masu keke hanya a birnin.

Kilomita 109 ta ɗan ɗara tazarar Potiskum zuwa Damaturu. Idan aka ba wani dattijo a unguwar Dogo Nini ta Potiskum labarin mutanen da ke biyan kuɗi don su yi irin wannan tafiya, nisan ba zai ba shi mamaki ba. Abin da zai tambaya shi ne: to, me suka ɗauko? A nan keke bai taɓa zama abin wasa ba. Ya fara da zama alamar muƙami, ya koma jakin talaka, aka yar da shi, sannan larura ta dawo da shi.

Turawa ne suka shigo da keke ƙasar Hausa da Barno, amma kasuwanci ne ya yaɗa shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, kamfanoni irin su UAC da John Holt suka cika kantunansu da kayan Ingila. Potiskum ba ta samu layin dogo ba. Wanda aka ja daga Kano a Nguru ya tsaya a 1930. Rabonta shi ne hanyar mota ta Kano zuwa Maiduguri, da kuma komowar fadar Sarkin Fika cikin garin a 1924, abin da ya mai da ita mazaunin mulki. Inda duk aka kafa En'e kuwa, akwai malamai da masinjoji da 'yan doka da malaman gona, kuma irin waɗannan ma'aikata ne suka fara hawan keke a garuruwan Arewa. A wancan zamani hukuma na karɓar kuɗin lasin keke, a ba mutum 'yar lamba ya maƙala. Abin hawa ne mai rajista, mai mutunci.

Sarkin kekuna shi ne Raleigh na birnin Nottingham, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rali. Baƙi ne, mai nauyi, mai birkin sanda da sirdin fata, sarƙarsa a rufe cikin gida don kada ta kama bakin wando ko babbar riga. Cinikinsa ya yi ƙarfi a Najeriya har kamfanin ya kafa masana'antar haɗa shi a Kano. Mai Rali ba ya barin sa tsirara. Sai ya naɗe sandar da leda mai launi, ya sa madubi biyu, ya ɗaura fitila mai dinamo da ke shan wuta daga jikin taya, ya goge madigadi kullum safiya. Kirarin dokin ƙarfe ba a banza ya zo ba: adon da ake yi wa doki ranar hawa shi aka mayar kan keke. Sunan keke ma ya yi 'ya'ya a cikin harshe, ga keken ɗinki, ga keken rubutu, ga keken guragu.

Yaran gari kuwa a wurin masu hayar keke suka koya. A ba da 'yan kwabbai, a karɓi keke na ɗan lokaci, yaron da ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba ya zura ta ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa a karkace. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama direbobin tirela, sana'ar da Potiskum ta yi suna da ita a faɗin ƙasar nan, da tabon faɗuwa daga keken haya suka fara sanin hanya.

Daga baya kekunan Asiya suka shigo da sauƙin farashi: Phoenix na Shanghai, wanda ake kira Fonis, da Hero na Indiya. Da su keke ya sauka daga ƙofar ofis ya shiga gona da kasuwa. Potiskum gari ne na cin kasuwa. Kasuwar shanunta ta ranar Laraba na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kuma kasuwar hatsi. Daga Mamudo da Danchuwa da ƙauyukan Nangere, mutum zai ɗaure buhun gero ko wake a kariya, ko kejin kaji, ko jarkoki, ko damin itace da ya fi shi tsawo, ya taka cikin yashi tun da sanyin safiya. Domin irin wannan kaya ake kai keke wurin mai walda a ƙara wa kariya ƙarfe, a sauya sifok da masu kauri. A gindin bishiyoyin dogon yaro kuma sana'ar faci ta zauna: famfo, kwanon ruwa, gam, tsohon tif da ake yankawa, da ƙaramin yaro mai koyo.

Arzikin man fetur ne ya fara karya darajar keke. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, malamin da ke alfahari da Rali ya koma Honda ko Vespa. Da baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, acaɓa ya zama sana'ar matasa, keke ya zama na almajiri da ɗan makaranta da tsoho. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma wa keke, har ya hau da kansa a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin kwalbati. Jama'a suka yi dariya, suka ci gaba da sayen babur.

Abin da kiran minista ya kasa, tashin hankali ya yi shi. A 2012, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Yobe, kuma maharan na yawan zuwa a kan babur, gwamnatin Ibrahim Gaidam ta hana hawansa. A watan Mayun shekarar ne aka kai wa kasuwar shanun Potiskum mummunan hari. Gari mai faɗi irin wannan ya wayi gari babu babur. Keke Napep ya ɗauki fasinja, amma mai zuwa gona da mai shago da malamin firamare sai suka shiga zaure da ɗakin ajiya suka jawo tsofaffin kekuna suka kakkaɓe. Kekunan gwanjo masu giya suka samu kasuwa, masu faci suka dawo da ƙarfinsu. Shekara goma aka yi a haka, sai a watan Maris na 2022 Gwamna Mai Mala Buni ya ɗage dokar a ƙananan hukumomi 10, har da Potiskum. Babur ya dawo, amma bai daɗe yana cin karensa babu babbaka ba: cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, keken da aka jingine aka sake bi ta kansa.

Duk wannan ƙarfin ƙafa bai koma wasa ba. Burkina Faso, wadda ita ma ƙasar yashi da zafi ce, tana gudanar da tseren Tour du Faso tun 1987. Najeriya kuwa sai a 2024 ta samu wakilci na farko a tseren keke na gasar Olamfik, wato Ese Ukpeseraye, kuma a Faris sai da ta ari keke a wurin tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Doguwar tafiyar da ta fi yin amo a Arewa ma ta ibada ce: Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a 2021, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022.

A Cape Town, wanda ya kai ƙarshe ana rataya masa lambar yabo, a rubuta masa awoyi da mintocin da ya yi. A Dogo Nini, ranar Laraba da la'asar, wanda ya sauke kayansa a kasuwa yakan tsaya a wurin mai faci kafin ya kama hanyar gida. Mai facin ya zare tif, ya hura, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa a hankali, su biyun sun zuba ido suna jiran inda kumfa za ta fito.