Daga Luksor zuwa Aswan: mata huɗu da Kogin Nilu bai manta da su ba

Yau tarihi zai kai mu kudancin ƙasar Masar, kuma ta ruwa za mu bi.

Tsakanin birnin Luksor da birnin Aswan akwai tafiyar kilomita sama da 200 a kan Kogin Nilu. Manyan jiragen ruwa na ƴan yawon buɗe ido, masu ɗakunan kwana da wurin cin abinci kamar otal, suna yin ta cikin kwana uku zuwa huɗu. Bato ya tsaya, a sauka a zagaya kufai, a koma a kwana bisa ruwa, gari ya waye a wani wurin. Yawancin masu zuwa sunayen sarakuna maza suke tafe da su a baki, Ramsis da Tutankamun. Amma a kan wannan hanya akwai mata huɗu da suka riƙe mulki ko suka juya masu mulki: Hatshebsut, Nefertari, Kiliyobatra da Amanirenas. Abin da ya haɗa su shi ne, kowace ɗaya sai da wani ya so ya zaɓa mana abin da za mu sani game da ita.

Kafin mu ci gaba, mu gyara wata fahimta. A wurinmu in aka ce Fir'auna, hankali yana zuwa kan wanda ya yi jayayya da Annabi Musa (AS). To kalmar sarauta ce, kamar a ce sarki ko sultan, kuma sarakuna masu yawan gaske sun riƙe ta cikin shekara kusan 3,000. Ɗaya daga cikinsu ita ce macen da za mu fara da ita.

A yammacin kogi, daura da Luksor, akwai wani gidan bauta mai hawa uku da aka jingina da gindin tsauni, a wurin da ake kira Deir al-Bahari. Hatshebsut ce ta sa aka gina shi. Ɗiyar sarki Tutmos na ɗaya ce, matar sarki Tutmos na biyu. Da mijinta ya rasu, wajen shekara ta 1479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), magajin gadon sarauta yaro ne ƙarami, ɗan kishiyarta, Tutmos na uku. Sai ta yi masa riƙon ƙwarya. Ba a cika shekara bakwai ba ta ɗauki cikakken sunan sarauta, ta zama fir'auna ita ma, suna mulki su biyu amma ita ce gaba. Ta yi kimanin shekara 20 a haka.

Me ta yi da mulkin? Amsar tana jikin bango. An sassaƙa hoton ayarin jiragen ruwa biyar da ta tura ƙasar Funt, wadda masana ke ganin tana wajen kudancin Bahar Maliya. Sun komo da turare, hauren giwa, zinariya, baƙin katako, birai, har da itatuwan turare masu rai da saiwarsu cikin kwanduna don a dasa a Masar. Fatauci ne irin na ƙasa da ƙasa, shekara kusan 3,500 da suka wuce. A ƙetaren kogi kuma, a Karnak, har yau wani ginshiƙinta mai tsini yana tsaye: dutse ɗaya tal, tsawonsa ya kusa mita 30, nauyinsa ya haura tan 300. A Aswan aka sare shi, aka ɗauko shi bisa wannan ruwan da baƙi ke bi yau.

To bayan rasuwarta da kamar shekara 20, sai aka sa magina suka bi bango bango da kurfi suna kankare hotonta da sunanta. Aka farfasa mutum-mutuminta aka zuba a rami. Da aka zo rubuta jerin sarakuna daga baya, aka tsallake ta kamar ba a taɓa yin ta ba. Da farko masana sun ɗauka haushi ne Tutmos na uku ya huce. Amma mai jin haushi ba ya jiran shekara 20. Ra'ayin da ya fi ƙarfi yanzu shi ne siyasar gado ce: yana son sarauta ta wuce ga ɗansa ba tare da gardama ba, kuma kada a bar misalin cewa mace ta taɓa hawa ta yi kyau.

Ku ji yadda asiri ya tonu. A 1829, Bafaranshe Shampoliyon, wanda ya gano yadda ake karanta rubutun tsoffin Masarawa a 1822, ya je Deir al-Bahari. Ya ga hoton sarki da gemu da kayan maza, amma kalmomin da ke gefen hoton na mace ne. Abin ya ɗaure masa kai. Mu Hausawa ba za mu sha wahalar gane wannan ba, don harshenmu da tsohon harshen Masar da Larabci dangi ne na nesa, kuma duka suna bambanta mace da harafin "t". Kamar ka ga hoton dattijo da rawani, a ƙasa an rubuta "ta ci sarauta, ta gina gari". Gemun na ado ne na sarauta, ana ɗaura shi da igiya. An kankare fuska, nahawu ya ba da shaida. Daga baya, cikin shekarun 1920, masu tono na gidan tarihin Metropolitan na Amurka suka tarar da ramin da aka zuba gutsattsarin, suka yi ta harhaɗa su. Ramin da aka haƙa don a batar da ita shi ya adana ta.

Ba nisa da nan, a Kwarin Sarauniyoyi, akwai kabarin Nefertari, uwargidan Ramsis na biyu, wanda ya hau mulki a 1279 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani Ba'italiye, Schiaparelli, ya gano shi a 1904, kuma launin zanen da ke ciki kamar jiya aka shafa. Ita ba a goge ta ba, ɗaukaka ta aka yi. A Abu Simbel, can kudu da Aswan kusa da iyakar Sudan, mijinta ya sassaƙa mata gidan bauta cikin dutse. A ƙofarsa akwai mutum-mutumi shida masu tsawon kimanin mita 10, huɗu nasa biyu nata, kuma tsawonsu ɗaya, alhali al'adar lokacin matar sarki ba ta wuce gwiwarsa a sassaƙa. Lokacin da ruwan madatsar Aswan ya tashi haɗiye wurin, hukumar UNESCO ta jagoranci aikin yanka shi gunduwa gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka sake haɗa shi mita 65 sama da inda yake.

Sai dai duk wannan, Nefertari ce kamar yadda Ramsis ya so a gan ta: kyakkyawa, abin so. Aikinta na siyasa a wata ƙasa aka tsince shi. A kufan Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, an samu wasiƙar da ta aika wa Fuduhefa, sarauniyar Hittiyawa, bayan ƙasashen biyu sun ƙulla sulhu wajen 1259. Ta gaishe ta a matsayin ƴar uwa, ta yi murnar zaman lafiya, ta haɗa da tsarabar sarƙar zinariya da tufafi. Mazansu sun gwabza yaƙi a Kadesh, su kuma suna ɗinke ɓaraka.

Mace ta uku kowa ya san sunanta. A Dandara, kimanin kilomita 60 arewa da Luksor, inda ake kai baƙi kafin bato ya nufi kudu, a bangon baya na gidan bautar akwai babban hoton Kiliyobatra da ɗanta Kaisariyon. Ita ce ta ƙarshe a gidan sarautar Batlamusawa, ƴan asalin Girka da suka mulki Masar shekara kusan 300. Ta hau a shekara ta 51, ta rasu a ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubutan Rum sun ce ita ma ta yi yawon jirgi a wannan kogi tare da Yuliyus Kaisar a shekara ta 47.

Labarin da fina-finai suka ba mu shi ne na mace mai yaudarar maza da kyau. Daga ina ya fito? Daga Rum, daga ɓangaren Oktabiyus, wanda ya ci ta da yaƙi a Aktiyum a shekara ta 31, ya zama sarki Agustus. Ya fi masa sauƙi ya ce yana yaƙar baƙuwar mace mai lalata maza, da ya ce yana yaƙar ɗan ƙasarsu Antoniyus. Amma ko Fulutak, da ya yi rubutu sama da shekara 100 bayanta, ya nuna ba kyau ne makaminta ba, harshe ne da basira: tana jin yaruka da yawa, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta damu ta koyi yaren talakawan da take mulka. Malamin tarihi Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, shi kuwa a matsayin mai ilimi da hikima ya kawo ta. Mace ɗaya, labari biyu, ya danganta da mai riƙe da alƙalami.

Daga nan bato ya kama hanyar kudu. A wuce Esna inda ake ɗaga jirgi a mashigar ruwa, a tsaya Edfu, a tsaya Kom Ombo, sai Aswan. A nan ne labarin da aka fi ƙarancin ba wa baƙi ya faru, kuma ni shi ya fi tsaya mini a rai.

Bayan mutuwar Kiliyobatra, Masar ta koma hannun Rumawa. Kudu da su akwai daular Kush, ta baƙaƙen fata, mai babban birni a Meroe cikin Sudan ta yau. A can sarautar mata tana da suna, Kandake. Wajen shekara ta 25, da Rumawa suka kwashe wani ɓangare na sojansu zuwa yaƙi a ƙasar Larabawa, Kushawa suka auka wa Aswan da tsibiran Elefantin da Filaye, suka kwashi mutane, suka tumɓuke mutum-mutumin Agustus. Masanin Girka Sitarabo ya ce mayaƙansu 30,000 ne, ya kuma siffanta Kandake da mace mai halin maza, mai ido ɗaya. Masana sun fi karkata ga cewa Amanirenas ce.

Gwamnan Rum, Fetroniyus, ya mai da martani, ya kutsa kudu, kuma Sitarabo ya ce ya rusa birnin Nafata. In ka karanta shi sai ka ce an gama da Kush. To amma mu dubi ƙarshen zancen. Wajen shekara ta 21, manzannin Kandake suka tarar da Agustus a tsibirin Samos, kuma Sitarabo da kansa ya yarda sun samu abin da suka nema, har harajin da aka aza musu aka janye. Wanda aka murƙushe ba a yafe masa haraji. Ku tuna kuma Sitarabo abokin wani gwamnan Rum na Masar ne, ba ɗan ba-ruwanmu ba.

A 1910, Baturen Ingila Garstang yana tono a Meroe, sai ga kan tagulla na Agustus a binne ƙarƙashin matakalar wani gidan bauta. An sa shi nan ne don duk mai shiga ya taka kan sarkin Rum. Yau kan yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. A can kuma akwai wani babban allon dutse daga Hamadab, kusa da Meroe, ɗauke da sunan Amanirenas da yarima Akinidad, an cika shi da rubutu cikin harshensu. Tun wajen 1911 aka san yadda ake furta haruffan, amma har yanzu ba a fahimci harshen sosai ba. Wato ta bar nata bayanin, yana nan a tsaye, duniya ce ba ta iya jin sa ba tukuna. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tata waƙar shekara 2,000 ke nan tana jiran mai fassara.

Batocin ƴan yawon buɗe ido ba sa kaiwa Meroe. Ƙasar da take ciki, wadda dubban Hausawa jikokin alhazan ƙafa suka mayar gida, tana cikin yaƙi tun Afrilu 2023, kuma an wawashe babban gidan tarihi na Khartum. Ba yau aka fara yi wa wurin ɓarna ba: a 1834 wani Ba'italiye mai suna Ferlini ya rusa dalar wata Kandake, Amanishaketo, don neman zinariya, kuma kayan adonta suna Jamus har gobe.

Ƴan uwa, wannan zance bai yi nisa da mu ba. A watan Afrilu 1899, Sarauniya Mangu ta Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, ta tsaya wa ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙone garuruwa a kan hanyarsa. Takardun sojan Faransa ba su ba ta wani wuri na kirki ba. Bakin mutane ne ya riƙe ta, har Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986. Bambancinmu da Masar shi ne su dutse suka bari, wanda ko an kankare sai ya bar tabo. Mu ginin ƙasa ne da baki. Damina tana cin na farko, mutuwa tana cin na biyu.

Kusan kowane gari namu yana da wata Magajiya, wata Iya ko Inna, wata malama da ta karantar da unguwa, wata bafatakiya da ta ciyar da mutane a shekarar yunwa. Sunayensu suna bakin tsofaffin da ke zaune a zaurukanmu da ɗakunanmu yanzu haka. Salular da kuke karanta wannan rubutu da ita tana ɗaukar murya. A je a gaida kaka, a tambaye ta wace mace ce aka yi a garin nan da ake jin maganarta, a ɗauka, a rubuta sunan da na garin, a ajiye wa yara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba Sudan da ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.