Amsar Takarda Daga Dinawa: Tarihin Kwandala Mai Hoton Wata

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Dinawa ta ƙasar Wurno, daga wani manomin albasa. Ya ce wani baƙo ya nuna masa wata ƙatuwar farar kwandala, gefe guda da kan wani Bature mai sanƙo, ɗaya gefen kuma da mikiya tana sauka bisa wata, da shekarar 1972 a jiki. Baƙon ya ce azurfa ce tsantsa haɗe da ƙarfen da aka ɗebo daga duniyar wata, kuma buhu biyu na albasa yake nema. Shi ne yake tambaya: "Malam, mine ne asalin kuɗin ga, kuma in saya ko in bari?"

To Malam, mun gode da ka tambaya kafin ka auna masa albasa. Amsar gajeriya ce, amma bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun shiga gasa, kowace tana son duniya ta ce ita ce gaba. Ran 4 ga Oktoba 1957 Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Ran 12 ga Afrilu 1961 kuma ta tura Yuri Gagarin cikin kumbo, ya kewaya duniya sau ɗaya, tafiyar minti 108. Shekarunsa 27 a lokacin, kuma ɗan ƙauye ne, iyayensa ma'aikatan gandun haɗin gwiwa. Abin ya yi wa Amurkawa ciwo ƙwarai, suka zuba dukiya ba ƙaƙƙautawa, har ran 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata a tafiyar Afolo 11, abokinsu Michael Collins yana kewayawa a sama yana jiransu.

To, ka san mai mulki ba ya yin abin bajinta ya bari a manta. Allon da ya fi kowane yawo kuwa shi ne kuɗi, don yana shiga aljihun da jarida ba ta shiga. Dattawanmu shaida ne: da yawansu a jikin kwabo mai huji suka fara ganin kambin Sarkin Ingila, a jikin sule kuma suka san fuskarsa.

Kwandalar da aka nuna maka, bisa yadda ka kwatanta ta, dala ɗaya ce ta Amurka, wadda aka buga daga 1971 zuwa 1978. Mai sanƙon nan Janar Eisenhower ne, tsohon shugaban ƙasarsu, wanda ya mutu a watan Maris 1969, wata huɗu kafin a sauka a wata. Mikiyar kuwa tambarin tafiyar Afolo 11 ce, ka duba da kyau za ka ga reshen zaitun a ƙafafunta, alamar zaman lafiya. A shekarar 1971 kaɗai sun buga sama da miliyan 100, a 1972 ma haka. Abin da aka buga miliyan ɗari, ina tsadarsa? Su kansu Amurkawan ba su so ta ba, ta cika girma da nauyi a aljihu, har aka wayi gari gidajen caca ne suka fi amfani da ita.

Batun ƙarfen wata kuwa, babu ko ƙwayar zarra a cikinta. Duk abin da 'yan Afolo 11 suka ɗebo, duwatsu da ƙasa, bai kai kilo 22 ba, ko rabin buhun taki bai yi ba, kuma hannun gwamnati da masu bincike ya shiga. Kwandalar jan ƙarfe ce aka lulluɓe da haɗin jan ƙarfe da wani farin ƙarfe mai suna nikel. Ka tsayar da ita ka dubi bakinta, za ka ga jan layi ya kewaye ta kamar ɗamara. Akwai dai waɗanda aka sa wa azurfa kashi 40 cikin ɗari don masu sha'awar tarawa. Su jan layin nan ba ya fitowa a bakinsu, kuma suna da ƙaramin harafin S ƙarƙashin wuyan Janar ɗin. Ko su ɗin ma ba su kai buhu biyu ba.

Sobiyet ita ce ta fi riƙe al'adar cikar shekaru. A 1981 ta buga rubul ɗaya mai hoton Gagarin don cika shekara 20 da tafiyarsa, a 1983 ta buga wani mai hoton Valentina Tereshkova, macen farko da ta je sararin samaniya a 1963. A 1991 aka fitar da na cikar shekara 30, kafin shekarar ta ƙare ƙasar da ta buga shi ta wargaje. Ikon Allah ke nan. Rasha ta ci gaba, ta buga a 2001 da 2011 da 2021.

Amurka ta yi nata na cikar shekara 50 a 2019, na zinariya da na azurfa, masu lanƙwasa kamar faranti, da hoton sawun takalmi bisa ƙurar wata. Waɗannan ba na cefane ba ne. Sayar da su gwamnati ta yi da tsada, ta ɗora ƙarin dala 35 kan na zinariya, dala 10 kan na azurfa mai dala ɗaya, aka ba gidan tarihi da asusun karatu. Watau dai hajar sayarwa ce. Wasu ƙananan ƙasashe ma sun gano wannan kasuwa: Tsibiran Marshal da ke tekun Fasifik sun fitar da kwandalar dala 5 a 1989 don cika shekara 20 da sauka a wata, aka yi ta tallarta a Amurka, masu saye suka zo canjawa suka tarar bankunansu ba sa karɓa.

Wani abin da na so ku sani shi ne, mu ma muna cikin wannan tarihi. A farkon shekarun 1960 Amurkawa sun kafa tasha a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da suka jera kewayen duniya don bin sawun kumbo. Ran 20 ga Fabrairu 1962 da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin masu sauraronsa. Ran 23 ga Agusta 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai suna Kingsport da ke tsaye a gaɓar Ikko, karo na farko ke nan da shugabanni biyu suka zanta ta tauraron ɗan Adam. Nijeriya a kan sarki ta ajiye nata abin tunawa: a 1963 gidan waya ya fitar da na sisi mai hoton kumbo da tashar Kano, da na sule da taro mai hoton tauraron da jirgin ruwan. Da naira ta zo a 1973, abin da ƙasa ke ci da shi aka zana a jikin sulallanmu, su auduga da gyaɗa da koko da kwakwar manja da rijiyar mai. Ni dai a ganina wannan zaɓi bai yi laifi ba. Namu tauraron na farko, NigeriaSat-1, sai a watan Satumba 2003 aka harba shi daga Rasha.

Saboda haka Malam, in ka ga jan layin nan, dala ɗaya ce tak, kuma 'yan canji ma takarda suke so, ba ƙarfe ba. In kana sha'awarta don nuna wa yara, ka taya ta da kuɗin goro. Albasarka kuwa ka kai ta kasuwar Achida, ko ka bar ta a rumbu har ta yi daraja. A gai da mutanen Dinawa da na Rabah da Goronyo, sai mun ji daga gare ku.